Bargon Masu Agaji

Akwai wani wari da sabon bargo yake yi idan an kwance shi daga dila, warin gashi da kananzir da ɗakin ajiyar da ya daɗe a rufe. Ban san ko ka taɓa shaƙarsa ba. Ni dai na shaƙe shi makon jiya a harabar asibitin da nake aiki a Boɗinga, ranar da wata ƙungiyar agaji ta kawo barguna za ta raba wa mutanen da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukansu. Tun kafin a gama yanke igiyar dilar warin ya cika mini hanci. Na bar mata masu awon ciki a layi na je na zauna a kan dakali, abokiyar aikina tana tambayata ko jiri ne. Na ce mata jiri ne, don ba zan iya tsayawa ba ta labarin kakata a tsakiyar aiki ba. Bargunan masu ruwan toka ne da jan zare a gefe, irin wanda kakata ta rufa da shi har ta koma ga Allah.

Kakar nan ita ta haifi babana. A gidanta na tashi a Horo Birni, can ƙasar Shagari, kuma sunanta aka sa mini, saboda haka ba ta kirana komai sai takwara. Gajeriya ce, baƙa, ga faɗa ga baki. Idan na tuƙa tuwo sai ta ce a kira maƙeri ya zo ya fasa mata shi, ni kuma in ce ai laifin haƙoranta ne da suka gudu suka bar ta. Ta zagi kaji, ta zagi mai tallan manja, ta zagi babana a gaban matarsa idan ya makara zuwa gona. A unguwarmu babu wanda harshenta bai lasa ba, kuma babu wanda bai ci goronta ba.

Mutum ɗaya ne bakin nan nata bai taɓa taɓawa ba, shi ne ɗanta na fari, yayan babana. A wurinmu, balle gidajen da suka haɗa jini da Fulani irin namu, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa a gaban mutane. Kunya ce, kuma ado ce ga mace, wadda ta fi iyawa ita ake yabo. Kakata kuwa ta iya har ta wuce misali. Ko ɗan maƙwabta ne aka sa wa irin sunan, sai ta laƙaba masa wani. Don ganin idonta, duk gidan aka daina faɗin sunan. Babana Yaya yake cewa, innata ta ce babban yaya, mu yara kuma muka san shi da Baffa na teku. Har na yi wayo ban san sunansa na yanka ba, kuma ban taɓa jin cewa akwai abin da na rasa ba.

Tun ba a haife ni ba ya bar gida. Fataucin goro ne ya kai shi Ikko, daga can ya yi ta gaba yana bin bakin teku har ya dire a Saliyo. Can zama ya kama shi. Ya sayi ƙasa ya dasa goro, ya buɗe kanti, ya yi gida mai rufin kwano, ya auri 'yar ƙasar, ya ɗauki 'yan garin suna yi masa aiki a gonar da a da ta iyayensu ce. Duk wannan a kaset muke ji, don a lokacin kaset ne wasiƙar wanda ya yi nisa. Duk shekara ko shekara biyu wani ɗan kasuwa zai biyo da shi a naɗe cikin leda, tare da turmin atamfa da goro daushe. Ranar nan gidanmu cika yake yi. A shimfiɗa tabarmi a tsakar gida bayan la'asar, a sa sabon batir a rediyo, a yi tsit.

Kaka ba ta zama. Da ta ga an ɗauko rediyo sai ta ce hayaniya ta ishe ta, ta kwashi mazarinta da audugarta ta koma bayan rumbu ta kama kaɗi. Kowa ya san bayan rumbun nan ya fi ko'ina jin rediyon, amma wa zai faɗa? Ni da nake bin ta ko'ina na sha ganin abin da sauran ba su gani ba. Muryar tana fara sallama mazarin yakan tsaya cak, zaren ya yi sako-sako a hannunta, har sai an kashe rediyon. Wata rana Baffa ya cika baki a kaset, ya ce mutanen can ba su san darajar ƙasarsu ba, shi ya nuna musu yadda ake cin arzikinta. Maza suka yi ta dariya suna yaba masa. Daga bayan rumbu na ji Kaka ta ce, ƙasa-ƙasa, kamar da audugar take: "Ƙasar wani, ko ka yi gini bisa nata, aro na."

Idan an zo ɗaukar amsa, kowa sai ya yi tasa gaisuwar, har mu yara a sa mu karanta Fatiha don ya ji mun fara karatu. Sai a ƙarshe a kai rediyon kusa da ita, ta kau da kai ta ce, "A gaida mutanen can. A ce masu damana ta yi kyau." Iyakarta ke nan, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Sai yaƙi ya tashi a ƙasar, kaset ya ɗauke. Shekara ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta. Abin da muke ji a rediyo ba na faɗa ba ne, ana ƙone garuruwa, ana sare hannuwan mutane. Dattawa suka fara yi wa babana maganar a yi wa yayansa sadaka a fitar da rai. Duk ranar da aka ta da zancen, Kaka takan tashi ta bar wurin, kuma babu mai ƙarfin halin yin sadakar ɗa alhali uwarsa ba ta ce ya mutu ba. A shekarun nan faɗanta ya ragu, kaɗinta ya ƙaru. Ta tara zare ta aika wa wani masaƙi a Dingyaɗi, aka saƙo mata gwado fari mai ratsin baƙi, mai kauri, ta ninke ta sa a ƙasan akwatinta. Na ce mata, ai na san na aurena ne. Ta ce, "Wa ka ɗaukar ki da wanga baki naki?" Ban ƙara tambaya ba, don ni ma na san na wane ne. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nata ya riƙe abin da ya fi tuwo nauyi.

Labarin ya zo mana a tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake sa kare ya kwanta a gindin randa ko an kore shi. Babana yana kudu wurin cin rani, babu waya a lokacin, innata kuma tana cikin jego. Wani maƙwabcinmu mai kai albasa kasuwar Boɗinga ya yi sallama ya tsuguna a bakin ƙofa. Kaka tana tankaɗe.

"Inna, na ga baƙonku a Boɗinga."

"Wane baƙo?"

"Na teku. Masu agaji sunka kawo su cikin manyan motoci, suna makarantar hwaramare. Ba shi da lahiya, kuma da yaro tare da shi. An ce duk wanda danginai ba su zo ɗauka ba, wucewa za a yi da shi."

Kaka ta ce, "To." Ta ci gaba da tankaɗenta. Sai dai rariyar ta riga ta kauce daga kan ƙwarya, garin yana zuba a ƙasa, kaji suna ci ba ta kore su ba.

Washegari da sassafe ta dama fura ta zuba a jallo, ta ciro gwadon ta ƙulle shi a tsohon zane. Idanunta sun fara hazo a lokacin, saboda haka ni ce 'yar jagora. Muka isa Shagari, muka sami motar Sakkwato da ta sauke mu a Boɗinga. A hanya ko faɗan in gyara ɗankwali ba ta yi mini ba. Daga baya na gane cewa motocin da suka kwaso su daga Ikko ta wannan hanyar suka bi. Sun ratsa Shagari da shi yana kwance a bayan mota, ya wuce mahaɗar gidansu bai sani ba, don a Boɗinga aka tsara za a sauke su.

Makarantar cike take. Mutane ne masu fuskar Hausawa da bakin wata ƙasa, wasu ko gaisuwa ba su iya mayarwa. Can wata tana rungume da ƙanenta tana kururuwa, nan wani tsoho ya faɗi ya yi sujada. Masu agajin suna ta kai da kawowa cikin fararen riguna, wannan na rabon kunun masara, wancan na wanke gyambo. Kuma ko'ina warin bargon nan ne, don kowa an ba shi ɗaya tun a bakin jirgin ruwan da ya kwaso su. Bari in faɗa maka tun yanzu, ba ni da abin cewa a kan mutanen nan sai alheri. Su suka tare su a bakin teku, suka ciyar da su, suka ɗauko su har ƙasar haihuwarsu, ba su haɗa komai da su ba. Ba don su ba da ko labarin Baffa ba za mu ji ba. Wannan ne ma ya sa abin ya fi ci mini rai, don na rasa wanda zan ɗora wa laifi.

A ajin marasa lafiya muka same shi. Rufin kwano ne, zafi yana saukowa kamar an kifa maka tukunya. Yana kwance a kan bargonsa, wani yaro da bai girme ni da yawa ba yana yi masa fifita da kwali. Ban taɓa ganin Baffa ba amma ban tambaya ba, fuskar babana ce sak, sai dai ɓari ɗaya ya zube. A cikin jirgi ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Matarsa ta rasu a yaƙin, kantin ya ƙone, gonar kuwa masu ƙasa sun karɓi abarsu. Mai gida mai rufin kwano ya dawo da ɗa ɗaya da bargon sadaka.

Kaka ba ta matsa kusa ba. Ta zauna can gefe, ta juya masa kafaɗa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce wa bango, "Sannunku da hanya." Na ga hannunsa mai lafiya ya damƙe bargon. Ya ji muryar. Sai ya yi ta ƙoƙari har ya juyar da kansa wajen bango, ya runtse ido, hawaye yana bin gefen hancinsa. Shi ma ɗan fari ne, ya san nasa rabon kunyar, ga kuma kunyar wanda ya dawo hannu rabbana.

Shugabar masu agajin wata doguwar mata ce 'yar kudu mai tabarau, rigarta ta jiƙe sharkaf da gumi. Ba ta jin Hausa, sai ta hanyar wani saurayi tafinta mai Hausar bariki. Ta tsaya tana kallonmu, ta kalli sauran dangi da ke koke-koke a waje, ta sake kallon tsohuwar da ta juya wa majinyaci baya. Sai ta yi magana, tafinta ya juyo.

"Mama, ta ce wannan mutumin ɗanki ne?"

Kaka ta ce, "Mutumin gidanmu na."

"Ba haka ta tambaya ba. Ke kika haife shi?"

"Yayan uban wagga yarinya na."

"To, mene ne sunansa? Faɗi sunansa kawai, a ba ki shi ku tafi gida."

Ajin cike yake da maza baƙi, kowa ya zuba mata ido. Hannunta yana riƙe da wuyan hannuna, ta matse har na ji zafi. Na ga mayafin yana motsi a daidai bakinta, na ce a raina yanzu za ta faɗa. Abin da ya fito shi ne, "Takwara, miƙa masu hura."

Tafinta ya juyo gare ni. Ya ce, ke yarinya, baffanki ne? Na ce eh da ƙarfi. Ya ce yaya sunansa? Na ce Baffa na teku. Wani ya yi dariya daga baya. Na buɗe baki in gyara, na tarar babu abin da zan gyara da shi. Ranar na fara sanin cewa akwai abin da aka ɓoye mini a gidanmu.

Wani dattijo da ke kwance kusa ya ɗaga kai ya ce, "Kai yaro, ɗan hwari na. Ba ta hwaɗi, ko yanka ta za a yi." Tafinta ya yi ta fama yana yi wa matar bayani. Ta cire tabarau ta goge ido, ta yi magana mai tsawo ba cikin faɗa ba. Ashe kafin zuwanmu wani ya zo ya yi kuka har da birgima, ya ce wani tsoho majinyaci yayansa ne. Aka ba shi shi tare da buhun shinkafa da mai da bargo. Ya kwashe kayan ya yar da tsohon a gindin bishiya a bakin hanya. Tun daga nan ta rantse ba ta ƙara sakin majinyaci sai da shaida. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ta durƙusa ta tambayi Baffa da kansa ko ya san tsohuwar nan, shi kuwa fuskarsa na bango, idonsa a rufe. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to ɗaya fuskar tana cikin mayafi, ɗayar tana kallon bango. Matar ta ce mu je mu zo da mai garinmu ya yi shaida, amma mu yi sauri, don ba za ta iya riƙe shi a zafin nan ba, motar asibiti tana zuwa kwasar masu tsananin ciwo zuwa Sakkwato.

Yaron nan yana kallon komai. Bai ji Hausa ba, amma ya ga an tambayi tsohuwa har sau nawa ta ƙi. Da na ajiye jallon a gabansa sai ya sa ƙafa ya ture shi, furar ta malale a kan siminti. Idanunsa jajir, ya faɗi wata magana da yarensu wadda ban bukaci tafinta ba.

Kaka ta miƙe, ƙullin gwadon yana hammatarta, don ba za ta iya miƙa shi a gaban jama'a ba. Sai da muka kai bakin ƙofa, matar da tafinta sun riga sun wuce wani ajin, ta tsaya ta ce da ni da ɗan ƙarfi, "Takwara, ce ma yaron ga shi juya shi. Tun yana ƙarami ba shi son kwana bisa hagu." Na koma na faɗa wa yaron. Ya kalle ni kawai.

Muna isa gida muka wuce wurin mai gari, ya ce gobe da safe za a tafi. To, da yammar nan hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwan farko, mai yawa, har ƙasa ta jiƙu ƙwarai. Idan kai ɗan birni ne ba za ka gane ba. A ƙauye irin namu, safiyar ruwan farko babu sarki babu talaka, kowa yana gona da sungumi, don idan ƙasa ta sha iska kafin a rufe iri, shekara ta tafi. Mai motar garin ma ya ajiye mota ya tafi shuka. Muka sami mai gari a bakin gonarsa, ƙafa duk taɓo.

"Inna, ki yi haƙuri mu ruhe iri. Jibi in Allah ya so mu tahi. Ai yana hannun likita."

Na ɗaga kai na kalle ta, ina jira harshen nan da ya gagari unguwa ya tashi. Da akuyarta ce ta ɓace da ta tayar da garin. Amma wa ya taɓa ganin uwa tana rawar jiki a kan ɗan fari? Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komi, ranka shi daɗe. Ba sauri." Wallahi ranar na ji haushinta, haushin da ban taɓa ji ba. Na bi ta gonarmu ina kumbure-kumbure, ita tana sara da sungumi tunda babu namiji a gida, ni ina jefa gero ina rufewa da diddige. Layukan da ta sara a ranar duk a karkace suke. Har aka yi girbi, duk wanda ya bi ta gonar sai ya tambayi wane makaho ne ya yi shukar nan.

Da muka koma Boɗinga da mai gari, makarantar ta rage mutane. Wurin da Baffa yake kwance an share an yayyafa magani. An wuce da shi Sakkwato washegarin zuwanmu, bai kwana ba ya cika, mutanen asibiti suka yi masa sutura suka binne shi a can, tunda ba a ajiye gawa. Yaron yana zaune a baranda rungume da bargon a ninke. An haɗa shi da marayun da ba a zo nema ba, za a mayar da su Ikko gidan marayu.

Shugabar masu agajin ta fito, ta ga mu ne, ta tsaya. Mai gari ya gyara babbar riga ya fara jero gaisuwa da bayani irin na manya. Bai kai ko'ina ba Kaka ta ratsa ta gabansa, abin da mace ba ta yi. Ta sauke mayafinta har kafaɗa, ta tsaya gaban matar nan, ta faɗi sunan. Ta faɗe shi cikakke, har da na ubansa.

"Ni na haihe shi," in ji ta. "Cikin damana, ɗakin uwata. Ɗana na, na hwari."

Mai gari ya sunkuyar da kai yana salati. Tafinta ya buɗe baki zai fassara, matar ta ɗaga masa hannu, hawaye yana zuba ta ƙarƙashin tabarau. Ni na ɗauka an gama. Sai Kaka ta juya ta fuskanci ajin nan da aka share, ta sake kiran sunan, wannan karon da ƙarfi, da jan murya, yadda uwa take kiran yaro idan tuwo ya sauka yana can wurin wasa. Duk makarantar ta yi tsit. Ta tsaya tana saurare kamar mai jiran amsa. Yaron ne kaɗai ya ɗaga kai, don ya ji sunan ubansa.

Da shi muka koma gida. Kaka ta kwance ƙullinta ta yafa masa gwadon a cikin mota, ya ture. Ya yi watanni ba ya cin abin da ta taɓa, ba ya amsa gaisuwarta, bargon nan kuwa ko wanka zai shiga sai ya rataye shi inda yake gani. Ita kuma ba ta taɓa yi masa faɗa ba, shi kaɗai a duk gidan. Sai da Hausa ta zauna a bakinsa, babana ya dawo ya zaunar da shi ya warware masa yadda abin yake, ni kuma na ba shi labarin mazarin da ke tsayawa a bayan rumbu. Da sanyi ya shigo, wata safiya muka ga bargon a ninke a bakin ƙofar Kaka, shi kuma ya fito daga ɗaki lulluɓe da gwado. Daga ranar ba ta ƙara rufa da wani abu ba. Ko da bazara, da shi take matashi. Ba ta yarda a wanke shi, har ya ƙoƙe ya yi huji. Faɗanta bai dawo ba, kaɗi ma ta bari, kuma ba ta ƙara faɗin sunan ba har ta rasu.

Yanzu yaron nan magidanci ne a Shagari, yana sayar da takin zamani, Sakkwatancinsa ya fi nawa kauri. Kwanaki na ji a rediyo ana ba da labarin mutanen Japan, wai bayan babban yaƙin duniya haka aka kwaso su a jiragen ruwa daga ƙasashen da suka je suka mamaye suka yi gonaki, masu agaji suna tarbar su a bakin teku da abinci da tufafi. Na ce ashe ba mu kaɗai ba ne, komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Na yi ta tunanin ko a can ma an sami tsohuwar da aka ce ta faɗi abin da bakinta ba zai iya ba.

Zamani ya sake. Da yau ne, da waya ɗaya ta isa babana ya yi shaida daga kudu. 'Yan matan yanzu suna sa hoton ɗan fari a waya suna kiransa da sunaye har uku. Ni kaina ɗana na fari da sunansa nake kiransa, a gida da kasuwa, da ƙarfi kuwa, tsofaffi suna cewa ma'aikaciyar asibitin nan ba ta da ta ido. Su yi ta faɗa. Na ga abin da shiru ya ci, ba zan bari nawa ya tafi bai ji sunansa a bakina ba.

Amma ka lura, duk tsawon labarin nan ban gaya maka sunan Baffa ba. Na san shi sarai, yana kunnena yadda ta ja shi a harabar makarantar nan. Na yi niyyar rubuta maka shi a nan ƙarshe, na ɗora alƙalami, hannuna ya ƙi. Sunanta aka sa mini, kuma ɗanta ne na fari.